Sarrafa Zafi da Daidaiton Hasken Leza a Agogunan Ƙwayar Zarra da Hanyoyin Sadarwa

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda zafi ke karkatar da hasken leza, da dabarun da ake bi wajen shawo kansa a fannoni biyu da suka jingina da wannan haske, wato sadarwa ta zaren gilashi da agogunan ƙwayar zarra. Ta bi matakai huɗu da masana ke takawa: zaɓen kayan da zafi bai cika taɓawa ba, da killace na'ura daga sauyin yanayi, da riƙe zafinta ta hanyar zagayen gyara, da ɗaure hasken ga wani ma'auni tsayayye. Hujjar da takardar ta kafa ita ce, riƙe zafi shi ne tushe, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ma'aunin zafi labarin inda aka manna shi kawai yake bayarwa. Hukunci na ƙarshe sai an tambayi hasken kansa. Daga ƙarshe takardar ta kawo shawarwari ga masu kafa na'urori da masu koyarwa a ƙasashe masu tsananin zafi.

1.0 Gabatarwa

Rikicin agogo da zafi tsohon rikici ne. A zamanin agogon lilo, sandar ƙarfen da ke kai da komo kan ƙara tsawo idan gari ya ɗumama, sai agogo ya riƙa latti. George Graham a Ingila ya yi maganin abin da kwalbar zaiba a 1721, John Harrison kuma ya haɗa sandunan tagulla da na baƙin ƙarfe yadda miƙewar wannan za ta soke ta wancan. A 1896 Charles Édouard Guillaume ya gano gaurayen ƙarfe mai suna Invar wanda zafi bai cika miƙar da shi ba, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1920.

Da Louis Essen da Jack Parry suka gina agogon siziyam na farko mai aiki sosai a cibiyar NPL ta Ingila a 1955, an koma auna lokaci da kaɗawar ƙwayar zarra, wadda ba ta tsatsa, ba ta lalacewa, kuma iri ɗaya ce a ko'ina. A 1967 babban taron ma'aunai na duniya ya ayyana sakan ɗaya da cewa shi ne tsawon lokacin kaɗawa 9,192,631,770 ta ƙwayar siziyam-133. Sai dai ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Ƙwayar zarra ba ta faɗin lokaci da kanta, dole a tambaye ta da wani haske ko wata igiyar rediyo, shi kuwa abin tambayar na'ura ce ta gilashi da ƙarfe, mai miƙewa da tsukewa kamar sandar lilon da aka baro.

Leza ta farko Theodore Maiman ne ya kunna ta a Amurka a 1960, ta semikondakta kuma ta biyo baya a 1962. A yau ita ce ke sanyaya ƙwayoyin zarra a cikin agogo, ita ke tambayarsu, ita ce kuma ke ɗauke da saƙonnin intanet a ƙarƙashin teku. Don haka tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: yaya ake hana launin wannan haske gocewa, kuma ina iyakar abin da sarrafa zafi zai iya yi?

A cikin takardar, "yawan kaɗawa" na nufin sau nawa igiyar haske ke kaɗawa a sakan ɗaya, ana auna shi da Hz. "Tsawon zango" kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin tudun igiya da mai bi masa, ana auna shi da nanomita. Duk digirin da aka ambata na ma'aunin Salsiyos ne, sai inda aka ce Kelbin.

2.0 Hanyoyin da zafi ke shiga leza

Ƙwayar lezar semikondakta ƙarama ce ƙwarai, tsawonta yawanci bai kai rabin milimita ba. Haske na kai da komo a cikinta, kuma zangon da ya dace da tsawon wannan ɗan fili shi ne ke samun ƙarfi ya fito. Zafi na shigowa ta ƙofofi uku.

Ta farko, yana sauya saurin da haske ke ratsa ƙwayar, yana kuma ɗan miƙar da ita. Sakamakon haka, lezar sadarwa nau'in DFB, mai jerin ƙananan tsaga a cikinta da ke zaɓar zango guda, takan goce da kimanin nanomita 0.1 a kowane digiri ɗaya. A zangon nanomita 1550, wannan daidai yake da GHz 12.5.

Ta biyu, zafi na matsar da yankin launin da ƙwayar ta fi ba wa ƙarfi, kuma wannan matsi ya ninka na farko sau huɗu ko biyar a sauri. Idan lezar ba ta da tsagar da ke riƙe ta, za a ga tana tafiya a hankali, kwatsam sai ta yi tsalle zuwa wani zango dabam. Duk wanda ya taɓa saita leza a ɗakin gwaji ya san wannan tsalle, domin a nan take sigina ke ɓacewa daga allo.

Ta uku, gwargwadon zafi gwargwadon lantarkin da leza ke buƙata kafin ta fara haske. Ƙarin lantarki kuma ƙarin zafi ne a cikin ƙwayar. Haka nan tsufan na'urar na ƙara sauri idan ta daɗe tana aiki cikin zafi. Wannan ya nuna cewa lantarkin da ke ciyar da leza shi ma tushen zafi ne, saboda haka duk rawar da ke cikin lantarkin sai ta bayyana a launin hasken.

3.0 Riƙe zafi: farantin Peltier, tamista da zagayen gyara

Idan aka buɗe ƙunshin lezar sadarwa mai ƙafafu 14, wanda girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, za a tarar da abubuwa jere a kan ɗan dandamali: ƙwayar lezar, da ɗan tamista a gefenta, da ƙaramin idon lantarki a bayanta mai lura da ƙarfin haske, da tabarau mai cusa hasken cikin zaren gilashi. Dukkansu suna zaune ne a kan farantin Peltier.

Wannan faranti yana aiki da abin da Jean Peltier ya gano a Faransa a 1834: idan lantarki ya ratsa mahaɗar abubuwa biyu mabambanta, sai zafi ya tashi daga gefe guda ya koma ɗayan. Ana yin farantin da ƙananan ginshiƙan bismut-telurayid tsakanin fale-falen tangaran biyu. Amfaninsa shi ne ba shi da abin da ke juyawa, kuma idan aka juya alƙiblar lantarki, gefen da ke sanyi sai ya koma ɗumi. Rauninsa kuwa, ba ya kashe zafi, kwashe shi kawai yake yi ya zuba a ɗaya gefen, tare da nasa zafin. Faranti mai hawa ɗaya ba ya iya raba gefensa biyu da fiye da kimanin digiri 70, shi ma sai idan ba ya ɗauke da kaya. Idan gefen zafi bai sami inda zai sauke ba, mai sarrafawa zai ƙara lantarki, ƙarin lantarkin ya ƙara zafi, har abin ya kuɓuce.

Tamista kuwa ɗan dutse ne da turjiyarsa ga lantarki ke raguwa idan ya ɗumama. Wanda aka fi amfani da shi yana da om 10,000 a digiri 25, yana sauyawa da kimanin kashi 4.4 cikin ɗari a kowane digiri. Ke nan sauyin kashi 1 cikin 1,000 na digiri ya kai kusan rabin om, abin da na'ura mai kyau ke iya gani. Ana mayar da turjiyar zuwa digiri ta lissafin da Steinhart da Hart suka fitar a 1968.

Tsakanin tamista da faranti akwai mai sarrafawa, wanda ake kira PID saboda yana duba abu uku: girman kuskuren yanzu, da tarin kuskuren da ya gabata, da saurin da kuskuren ke tafiya. Wahalar saita shi tana cikin jinkirin zafi. Idan faranti ya sanyaya, sai an ɗan jima kafin tamista ya ji. Mai sarrafawa mai gaggawa zai wuce gona da iri, ya dawo ya sake wucewa, zafin ya riƙa lilo. Mai sanyin jiki kuma ba zai riski sauyin ɗaki ba. Idan an saita daidai, ana iya riƙe zafin dandamali cikin kashi 1 cikin 1,000 na digiri.

3.1 Iyakar wannan mataki

A nan ne hujjar takardar take. Tamista zafin jikinsa yake faɗa. Tsakaninsa da wurin da haske ke fitowa akwai tazara, akwai kuma wayoyin zinare da zaren gilashi da ke shigo da zafin waje ta bayan fage. Idan jikin ƙunshin ya tashi daga digiri 25 zuwa 60, allo zai ci gaba da nuna 25.000, alhali ƙwayar ta ɗan ɗumama. Bugu da ƙari, lantarkin da ake auna tamista da shi yana ɗan ɗumama shi, tamistan kansa yana tsufa, ƙwayar lezar ma tana tsufa ta goce ko da zafinta bai motsa ba. Saboda haka lambar da ke tsaye a allo shaida ce cewa zagayen gyara na aiki, amma ba ta isa shaida a kan launin hasken ba.

4.0 Buƙatar sadarwa

Tun bayan da Charles Kao da George Hockham suka nuna a 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya kai haske nesa, kamfanin Corning kuma ya samar da irin wannan zare a 1970, babban ci gaban da ya biyo baya shi ne cusa launuka da yawa cikin zare ɗaya. Na'urar ƙara ƙarfin haske mai sinadarin arbiyam, wadda ta bayyana a 1987, ita ta sauƙaƙa haka, domin tana ƙarfafa dukkan launukan da ke tsakanin nanomita 1530 da 1565 a lokaci guda.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara hanya biyu, kuma bambancinsu darasi ne a kan zafi. A ƙa'idar G.694.1, tashoshin suna matse, an kafa su daga THz 193.1, da tazarar GHz 100 ko 50 ko ƙasa da haka. Da tazarar GHz 50 zare ɗaya na ɗaukar tashoshi 80 zuwa 96. Amma tun da digiri ɗaya na matsar da leza GHz 12.5, sauyin digiri 4 kacal ya isa ya kai ta cikin tashar maƙwabciyarta. Galibi ana neman kada ta kauce fiye da GHz 2.5 a duk tsawon rayuwarta, wanda ke daidai da kashi ɗaya cikin biyar na digiri, har da tsufan shekaru a ciki.

A ƙa'idar G.694.2 kuwa an buɗa tazarar zuwa nanomita 20, tashoshi 18 daga 1271 zuwa 1611. An yi haka da gangan don a yi amfani da lezar da ba ta da farantin sanyi. Daga digiri 0 zuwa 70 za ta yi yawon nanomita 7, amma tana cikin gonarta. Wannan tsari ya fi araha, ya fi ƙarancin cin wuta, sai dai tashoshinsa kaɗan ne kuma bai dace da tafiya mai nisa ba. Ke nan injiniya na da zaɓi: ko ya biya kuɗin riƙe zafi, ko ya biya da filin da zai bar wa haske ya yi yawo.

Ga tsarin matsattsun tashoshi, farantin Peltier kaɗai bai isa ba, shi ya sa ake ƙara makullin zango. Ana gutsurar ɗan haske a ratsa da shi ta wani ɗan gilashi mai fuska biyu masu sheƙi, wanda ke barin wasu launuka su wuce fiye da wasu. Idanun lantarki biyu na kwatanta hasken da ya ratsa da wanda bai ratsa ba. Idan rabon ya sauya, an san leza ta goce, sai a gyara zafinta ko lantarkinta. A nan tamista ya sauka daga kujerar alƙali ya koma mataimaki.

Tsarin sadarwa na zamani mai gudun gigabit 100 zuwa sama ya ƙara wani sharaɗi. Ana rubuta saƙo a cikin takun igiyar hasken, mai karɓa kuma yana gauraya shi da hasken tasa lezar kafin ya karanta. Don haka ana son faɗin layin leza, wato rawar da launinta ke yi cikin ƙiftawar ido, ya tsaya wajen kHz 100. Wannan rawa ta fi saurin da kowane farantin Peltier zai iya bi, maganinta na cikin ƙirar lezar da tsabtar lantarkinta.

5.0 Buƙatar agogo

5.1 Agogon siziyam mai tsalle

Mafi ingancin agogunan siziyam a yau su ne masu cilla ƙwayoyi sama. Haskoki shida na leza mai zangon nanomita 852 suna taruwa a wuri guda su rage wa ƙwayoyin gudu, har sanyinsu ya kai kusan kashi 1 cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi. Wannan dabara ce ta ba Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips lambar Nobel a 1997. Daga nan sai a cilla dunƙulen ƙwayoyin sama kamar mita ɗaya, su ratsa kogon igiyar rediyo suna hawa, su sake ratsa shi suna saukowa, sannan leza ta ƙirga nawa ne suka sauya hali.

Layin siziyam da leza ke nema, wato launin da ƙwayar ke amsawa, faɗinsa MHz 5.2 ne kawai. Leza a wannan zango takan goce da kimanin GHz 25 a digiri ɗaya, wato MHz 25 a kashi 1 cikin 1,000 na digiri. Ma'ana, ko mai sarrafa zafi mai kyau zai bar ta ta kauce wa layin ninki biyar. Abin da ake yi shi ne a ratsa ɗan hasken ta kwalbar tururin siziyam, a ɗaure lezar ga layin da ƙwayoyin cikin kwalbar suka nuna. Aikin riƙe zafi a nan shi ne ya ajiye leza kusa da layin, ya hana ta tsalle, don makullin ya samu ya kama.

5.2 Agogon haske da kogon madubai

Agogunan da ke gaba a inganci yanzu suna amfani da kaɗawar haske kai tsaye. Na sitirontiyam, wanda Hidetoshi Katori na Jami'ar Tokiyo ya kawo tsarinsa a 2001, yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 429 a sakan, a zangon nanomita 698. Ana ƙirga wannan gudu da wata na'ura da ake kira matajin haske, aikin da John Hall da Theodor Hänsch suka sami Nobel a kansa a 2005. Layin da ake nema siriri ne matuƙa, faɗinsa na asali kusan kashi 1 cikin 1,000 na Hz ne. Tun da ana tambayar ƙwayoyin ne lokaci-lokaci, a tsakani lezar ce ke riƙe da lokaci, kuma duk rawar da ta yi a wannan giɓi tana shiga lissafin agogo, kamar yadda G. John Dick ya bayyana a 1987.

Don samun irin wannan leza ana ɗaure ta ga kogon madubai: madubai biyu masu tsananin sheƙi a bakin wani dunƙulen gilashi mai rami a tsakiya, inda haske ke kai da komo har kusan sau 100,000 kafin ya tsere. Dabarar ɗaurin, wadda aka sani da sunan Pound da Drever da Hall, an wallafa ta a 1983. Ana duba hasken da ya dawo daga madubin farko, shi kuma yana nuna ko leza ta yi sama ko ta yi ƙasa, a gyara ta cikin ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na sakan.

Da zarar an yi wannan ɗauri, daidaiton leza ya koma daidaiton tsawon kogon. Idan ana son kashi 1 cikin 10¹⁶ daga kogo mai santimita 10, to tsawonsa kada ya motsa da abin da ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton guda. Gilashin silika zalla, duk da ƙarancin miƙewarsa, zai matsar da lezar sitirontiyam fiye da kHz 200 idan zafinsa ya sauya da kashi 1 cikin 1,000 na digiri. Shi ya sa ake amfani da gilashin ULE na kamfanin Corning, mai gauraye da sinadarin titaniyam. Wannan gilashi na da wani digiri kusa da zafin ɗaki inda miƙewarsa ke komawa sifili: ƙasa da shi yana tsukewa idan ya ɗumama, sama da shi yana miƙewa. Kowane dunƙule da nasa digirin, sai an auna an gano shi, sannan a ajiye kogon daidai wurin.

Bayan zaɓen kaya sai killacewa, domin rigakafi ya fi magani. Ana sa kogon cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta, a kewaye shi da garkuwoyi biyu ko uku masu sheƙi, tsari irin na filas ɗin shayi. Ana sarrafa zafin garkuwar waje kawai, na ciki kuma su tace abin da ya rage, har ya zama sauyin zafin ɗaki na ɗaukar kwanaki kafin ya isa ga kogon.

Ko an yi duk wannan, akwai sauran zafi da ba ya riƙuwa. Muddin abu bai kai ƙarshen sanyi ba, ƙwayoyinsa na ɓari, fuskar madubi ma na ɓari tare da su. Kenji Numata da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa wannan ɓari shi ne iyakar kogunan madubai. Hanyoyin rage shi su ne tsawaita kogon, ko sauya fentin madubi, ko sanyaya komai. Cibiyar PTB ta Jamus ta kai kashi 8 cikin 10¹⁷ da kogo mai santimita 48 a zafin ɗaki a 2015. PTB da cibiyar JILA ta Amurka kuma sun sassaƙa kogo mai santimita 21 daga dunƙulen silikon guda, suka ajiye shi a Kelbin 124, wato digiri 149 ƙasa da sifili, inda miƙewar silikon ke komawa sifili. A 2017 sun ba da rahoton daidaiton kashi 4 cikin 10¹⁷, da faɗin layi ƙasa da kashi 1 cikin 100 na Hz. Takun wannan haske na tsayawa a jere na aƙalla sakan 11, lokacin da haske ke cin tafiyar da ta ninka nisan duniya da wata fiye da sau 8.

5.3 Hucin bango

Zafi na taɓa ƙwayar zarra ita kanta. Kowane bango mai ɗumi na fitar da huci wanda ido ba ya gani, wannan huci kuma na ɗan matsar da kaɗawar ƙwayar. A sitirontiyam matsin ya kai kimanin kashi 5 cikin 10¹⁵ a zafin ɗaki, kuma kuskuren digiri ɗaya wajen sanin zafin bangon na jawo kuskuren kusan kashi 7 cikin 10¹⁷. Mai neman kashi 1 cikin 10¹⁸ dole ya san zafin da ƙwayoyin ke gani cikin kimanin kashi 15 cikin 1,000 na digiri. Wasu sun zaɓi sanyaya wurin: agogon NIST-F2 na Amurka, wanda aka ƙaddamar a 2014, an kewaye hanyar ƙwayoyinsa da sanyin ruwan naitirojin, har aka ƙiyasta ba zai yi kuskuren sakan ɗaya ba a shekara miliyan 300. Ƙungiyar Katori ta sanyaya nata zuwa Kelbin 95 a 2015. Wasu kuma sun zaɓi auna hucin da kyau su cire shi a lissafi, ta haka JILA ta kai kashi 8 cikin 10¹⁹ a 2024.

6.0 Mahaɗar fannonin biyu

Akwai dalilin da ya sa lezar kogon silikon take aiki a zangon da ke kusa da nanomita 1550. Silikon na barin wannan haske ya ratsa shi, masana'antar sadarwa kuma ta riga ta wadata kasuwa da kayan wannan zango. Haka nan zaren sadarwa ne ke kai hasken agogo daga gari zuwa gari. A 2012 an aika shi kilomita 920 tsakanin Garching da Braunschweig a Jamus, a 2016 kuma aka kwatanta agogunan sitirontiyam na Faris da Braunschweig ta zare mai kilomita 1,415.

Shi ma zaren zafi na taɓa shi. Kowace kilomita na ƙara jinkirin kimanin fikosakan 40 a digiri ɗaya, ke nan kilomita 1,000 na ƙara nanosakan 40. Ba wanda zai iya sanyaya zaren da ya ratsa ƙasashe, don haka ake mayar da ɗan hasken daga ƙarshen hanya zuwa mafarinsa, a kwatanta shi da wanda bai yi tafiya ba, a soke bambancin. A nan ma hasken ne ke ba da labarin zafin da ya ratsa.

Ita ma sadarwa na cin moriyar agogo. Turakun wayar salula na 5G masu raba lokaci tsakanin aikawa da karɓa suna buƙatar daidaito cikin maikurosakan 1.5, a tsarin GPS kuwa kuskuren nanosakan ɗaya santimita 30 ne. Akwai kuma ƙaramin agogon zarra mai girman kwalin ashana da ya shiga kasuwa a 2011, mai cin wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na wat ba. A cikinsa ba a sanyaya leza, ɗumama ta ake yi sama da zafin waje a riƙe ta a nan, domin ɗumamawa ta fi sanyayawa sauƙin wuta.

7.0 Shawarwari ga ƙasashe masu zafi

Igiyoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da Equiano sun sauka a Legas, daga can zaren ke hawowa arewa zuwa garuruwan da zafin bazara ke wuce digiri 40, irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Abin da aka bayyana a sama ya haifar da shawarwari huɗu.

Na farko, a duba zangon zafin na'ura kafin a saya. Ta kasuwanci an yi ta ne don digiri 0 zuwa 70 a jikinta, ta masana'antu kuma daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Akwatin ƙarfe da ke tsakar rana, ga zafin na'urorin cikinsa, yana iya kusantar iyakar ta farko. Na biyu, a ɗauki share ƙurar hunturu daga matatar iska da fikafikan sauke zafi a matsayin aikin kare leza, domin farantin Peltier ya dogara da su. Na uku, inda hanya gajera ce kuma wuta ba ta tsayawa, tsarin tashoshi masu faɗin tazara ya fi dacewa, inda kuma ake son raba sahihin lokaci, zaren da aka binne ya fi wanda aka rataya a turaku. Na huɗu, sassan kimiyyar lissafi da injiniyan lantarki na jami'o'inmu su sa wannan aiki cikin gwaje-gwajen ɗalibai. Farantin Peltier da tamista da ƙaramar leza ba su da tsada, kuma ɗalibin da ya saita zagayen gyara da hannunsa, ya ga launi na gocewa alhali allo na tsaye, ya fahimci abin da lacca ba za ta koya masa ba.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa daidaiton leza hawa-hawa ake gina shi. Kayan da aka zaɓa na rage tasirin zafi, killacewa na jinkirta shi, zagayen gyara na riƙe shi, ɗauri ga gilashi ko kogo ko ƙwayar zarra kuma na gyara abin da ma'aunin zafi bai gani ba. Abin da ya rage bayan haka, kamar hucin bango, sai a auna a cire. Sadarwa na tsayawa a kashi 1 cikin 100,000, agogo na neman kashi 1 cikin 10¹⁸, amma tsanin da suke takawa ɗaya ne. Babban taron ma'aunai na 2022 ya sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan sake ayyana sakan bisa agogon haske. Idan hakan ta tabbata, sahihin lokaci zai ƙara dogara da leza da zaren gilashi, kuma ƙasar da ke son karɓarsa da rarraba shi za ta buƙaci mutanen da suka iya riƙe zafi, suka kuma san inda riƙon ke ƙarewa. Horar da su aiki ne da ya kamata a fara tun yanzu.